Yadda Ake Gano Matsalar Madannin Obin Idan Ya Maƙale

Tanderun lantarki na zamani, wanda masu gasa kek da burodi suka fi kira obin, yana da wata ɗabi'a. Idan ya ji an danne madanni guda an ƙi saki, sai ya daina karɓar umarni, ya hau ƙara, ya fito da wasu haruffa a fuskarsa. Na GE kan nuna F7, na Frigidaire F11, na Samsung SE, na Bosch kuwa E011. Duk abu ɗaya suke faɗi: akwai madannin da ya maƙale. Da gangan aka ƙera shi haka, don kada ya yi aiki da umarnin da ba mutum ne ya ba shi ba.

Uwargida, kafin ki kira mai gyara, ki san abin da ke ƙarƙashin wannan fuska mai santsi. Ledoji ne siraran gaske guda biyu, kowace da zanen layukan da wuta ke bi, da ɗan rata a tsakaninsu. Yatsanki ne ke haɗa su. To, tururin tukunya, da maiƙo, da ruwan sabulun da aka fesa ya gangara ta gefe, duk suna iya shiga su haɗa layukan ba tare da kowa ya taɓa ba. Mai fuskar gilashi ma ya fi saurin ruɗewa, ɗigon ruwa ko jiƙaƙƙen tsumma da aka rataya a kai ya ishe shi.

Da farko a raba shi da wuta gaba ɗaya. A cire filogi daga soket, in kuwa an haɗa shi kai tsaye da wayar gida, a sauke makashinsa a akwatin wuta. A bar shi kamar minti 5. Wannan kaɗai yakan warware ruɗewar da ɗaukewa da kawowar wuta ko sauyawa zuwa janareto ke jawowa.

Yana kashe ɗin, ki goge fuskar da tsumma mai ɗan danshi, ki bi da busasshe. A tsumman ake zuba ruwa, ba a fesa shi a jikin obin. Sai ki bi madannan ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Lafiyayye zai ɗan lotsa ya dawo. Wanda ya lalace za ki ji shi lakwas, ko ki ga ledar ta kumbura ko ta tsage a wurin, kuma yawanci na kunnawa ne ko na kashewa, don su suka fi shan hannu. Idan an yi dahuwa mai tururi ko an wanke kicin, a bar shi ya kwana ya bushe. Ki kuma duba ko makullin yara ne ya shiga, shi ma yana hana madannai amsawa, amma alamar da yake nunawa daban ce.

A mayar da wuta. Idan haruffan sun dawo, aikin ya koma ciki, kuma nan ne ake yawan asarar kuɗi a banza.

A sake kashe wuta, a tabbata ya huce, a kwance murfin da ke bayan madannan da sukundireba. Za a ga wata faffaɗar waya sirit kamar ƙyallen ribon, ta taso daga madannan ta shige bakin allon da ke sarrafa obin ɗin. A ɗauki hotonta da wayar salula tukuna. A saki maƙallin a hankali, a zaro ta, a duba bakinta: tsatsa, kore-kore, maiƙo, ko kashin kyankyasai, waɗanda ɗumin wurin ke jawo su. A goge da auduga da ɗan sifirit, a bari ya bushe sarai, a mayar da ita daidai ba karkace ba.

In har yanzu bai daina ba, akwai gwajin da ke raba gardama. A zare wayar nan, a rufe murfin, a kunna wuta, a jira 'yan mintuna. Idan alamar maƙalewar ta ɓace, laifin na madannai ne. Wasu kan nuna wata alama daban don sun ji an cire wayar, wannan ba komai. Idan kuwa alamar farko ta dawo alhali babu madannin da ke haɗe, allon ne ya lalace. Bambancin yana da muhimmanci, domin allon ya fi tsada a mafi yawan samfura, kuma abin takaici ne a canza shi alhali ledar ce ta mutu. Ledar ba ta gyaruwa, sabuwa ake sawa, kuma da lambar samfurin da ke manne a bakin ƙofa ko a baya ake nemanta.

Abu biyu ba na wasa ba ne. Wutar gidajenmu bolt 230 ce, tana kisa, don haka ba a sa hannu ciki sai an raba shi da ita. Maikurowef kuwa kada a buɗe shi ko kaɗan, yana da abin da ke riƙe wuta mai ƙarfi ko bayan an cire filogi. Idan ba ki saba da kwance kayan lantarki ba, ki tsaya a gogewa da busarwa, ki kira mai gyara, ki ce ya yi gwajin zare wayar a gabanki kafin ya rubuta miki kuɗin allo.