Kwalbatin Baɗi, Bana Ake Neman Sa

Tambayar da shugabannin ƙungiyoyin ci gaban gari suka fi yi mini a ƙasar Haɗeja ita ce: mun kai kuka sakatariyar ƙaramar hukuma ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, an karɓe mu hannu bibbiyu, an yi mana alkawari, amma damina ta zagayo ruwa ya sake shiga gidaje ta inda ya shiga bara, to ina gizo yake saƙar? Yawancin masu tambayar da amsarsu suke zuwa, wato an cinye kuɗin. Ba zan rantse wa kowa ba, domin ɓarnar dukiyar ƙananan hukumomi a Nijeriya ba ɓoyayyen abu ba ne. Sai dai kafin a kai ga zargi akwai abu biyu da nake fara bincikawa, kuma sau tari a nan ake samun cikas: a wane wata kuka kai kukan, kuma wa kuka kai wa?

Mu ɗauki Kafin Hausa. Ƙaramar hukuma ce mai mazaɓu 11, irin su Bulangu, Sarawa, Ruba, Zago, Mezan da Jabo, kuma tun a ƙidayar 2006 jama'arta sun haura rubu'in miliyan. Kogin Kafin Hausa reshe ne da ya ɓalle daga kogin Haɗeja, shi ya sa arzikin fadama da fargabar ambaliya suke tafe tare a wannan ƙasa. A watan Agustan 2022, lokacin da ruwa ya yi wa Jigawa mummunar ɓarna, Kafin Hausa na cikin wuraren da abin ya fi shafa. Gidaje da yawa sun rushe a Bulangu, an yi asarar rayuka, an tsugunar da mutane a sansanonin wucin gadi. A irin wannan lokaci ne tawagogi suke cika harabar sakatariya, kowa da buƙatarsa ta magudanar ruwa ko jinga ko kwalbati. Buƙatun gaskiya ne, amma sun zo a watan da shugaban ƙaramar hukuma ba shi da ikon biyansu ko da yana so. Abin da zai iya a Agusta shi ne agajin gaggawa, buhunan da za a cika da ƙasa, ɗan abinci da tabarmi. Aikin siminti da rodi sai wanda aka rubuta cikin kasafin kuɗi, shi kuwa kasafin an rufe shi tun ƙarshen shekarar da ta gabata. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Shekarar kuɗi ta gwamnati daga Janairu take zuwa Disamba. A watannin ƙarshen shekara sassan ƙaramar hukuma, wato ayyuka, noma, lafiya, walwalar jama'a da sauransu, suke miƙa abin da suke so a yi baɗi. Jami'in tsare-tsare da ma'aji su haɗa, shugaba da kansiloli masu gafaka su tace, a kai gaban majalisar kansiloli. A Jigawa kuma tafiyar ba a nan take tsayawa ba, domin kasafin ƙananan hukumomi 27 yakan je gaban majalisar dokokin jiha a Dutse a ƙarshen shekara, kamar yadda na jihar yake zuwa. Saboda haka wanda yake son aiki a baɗi, da zarar ruwa ya fara janyewa, a Satumba ko farkon Oktoba, ya kamata takardarsa ta riga ta shiga. Wannan lokaci yana da wata fa'ida kuma: shaidar ɓarnar tana nan ɗanya. Alamar ruwa na jikin bango, zaizayar tana bakin hanya, injiniya zai gani da idonsa ba sai an ba shi labari ba.

Sai batun wa za a kai wa. A nan jama'a suke ɓata ƙarfinsu da yawa, don an ɗauka duk abin da ya faru a cikin iyakar ƙaramar hukuma haƙƙin ciyaman ne. Ba haka ba ne. Ruwan da ake sakowa daga madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, da ta Challawa ta 1992, yana hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, hukumar tarayya ce mai hedikwata a Kano. Ciyawar kachalar da ta toshe hanyoyin ruwa har take sa kogi ya bar kwarinsa ya fantsama cikin gonaki, yashe ta aiki ne na manyan injuna masu shiga ruwa, irin waɗanda gwamnatin jiha ta sayo, ba na kasafin ƙaramar hukuma ɗaya ba. Babbar hanyar mota ta jiha ce ko ta tarayya. Babban agaji na hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha ne da takwararta ta ƙasa. Abin da jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma shi ne kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, maƙabartu, kwashe shara, ƙananan hanyoyi da titunan cikin gari da magudanan ruwansu, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, sannan ta sa hannu a ilimin firamare da lafiya da noma. To idan matsalarku lambatun da ya toshe ne a bayan kasuwa, ko kwalbatin da ya karye a hanyar ƙauye, ƙofar sakatariya ce taku. Idan kuwa jinga ce mai tsawon kilomita da yawa a bakin kogi, ku nemi ƙaramar hukuma ta rubuta muku takardar goyon baya, ku haɗa da ɗan majalisarku na jiha, ku nufi Dutse.

Ina so in ɗan tsaya a kan kuɗi, don tun bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024 mutane suke ganin kamar an buɗe wa ciyamomi taska. Hukuncin, wanda Mai Shari'a Emmanuel Agim ya karanta a ƙarar da Ministan Shari'a Lateef Fagbemi ya shigar, ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye ba ta asusun haɗin gwiwa da jiha ba, kuma kantomomin riƙo ba su da gurbi a doka. Hukunci ne mai kyau, ko da yake aiwatar da shi ya zo da jan ƙafa a faɗin ƙasa. Amma ko an aiwatar da shi ɗari bisa ɗari, kason ƙananan hukumomi gaba ɗaya kashi 20.6 ne cikin ɗari na abin da ake rabawa daga asusun tarayya, kuma kafin a sayi buhun siminti ɗaya sai an biya albashin malaman firamare, da na ma'aikatan lafiya, da na sauran ma'aikata a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024, da kason fansho, da na masarauta. Abin da ya rage shi mazaɓu 11 za su yi rububi a kai. Ba ina faɗin wannan don in wanke shugabanni ba ne. Ina faɗa ne don ku san cewa takara kuke yi da wasu garuruwa masu buƙata irin taku, kuma wanda ya fi shiri shi yake samu.

Shirin kuwa daga cikin gari yake farawa. Ku zauna da mai unguwa da bulama da liman, da matasa, a kuma ji ta bakin mata, don su suka san ta inda ruwa yake fara shiga gida da kuma famfon da ya daina kawo ruwa. Ku fitar da buƙata ɗaya, in ta yi yawa biyu. Na san wannan yana da wuya, domin kowane lungu yana ganin nasa ne gaba, kuma shugaban ƙungiya ba ya son ɓata wa kowa. Amma takardar da ta jero abu goma sha biyu, daga asibiti zuwa wutar lantarki zuwa filin ƙwallo, ta ba wa hukuma damar zaɓar mafi arha ta ce ta yi muku aiki, ko ta ajiye duka ta ce sun fi ƙarfinta.

Takardar kada ta wuce shafi ɗaya. A bar dogon kirari da yabon shugaba, gaisuwar girmamawa ta layi biyu ta isa. A faɗi wurin da sunan da kowa ya san shi da shi, a faɗi tsawon magudanar da ake nema ko faɗin kwalbatin, gidaje nawa ruwa ya shiga, wace makaranta ko wace kasuwa ce hanyarta take yankewa, kwana nawa amalanke ba ta wucewa da kayan gona. A haɗa da hotunan da aka ɗauka da waya lokacin da ruwan yake kwance. Idan a cikin 'ya'yan garin akwai magini ko wanda ya karanci aikin injiniya, ya yi ƙiyasin kuɗi ko da na kusa ne. Garin da yake da Jami'ar Sule Lamido a ƙofarsa tun 2013 bai kamata ya rasa mai auna masa lambatu ba. Sannan ku rubuta abin da ku za ku ɗauka: yashi, ruwa, aikin gayya na haƙa, ko alkawarin yashe magudanar duk shekara kafin ruwan fari. Jami'in da yake rarraba ɗan abin da ke hannunsa ya fi karkata ga aikin da jama'a suka rage masa tsada.

A rubuta ta da sunan shugaban ƙaramar hukuma, a miƙa ta a ofishin karɓar wasiƙu, a buga wa kwafinku hatimi da kwanan wata. Kada ku miƙa ta a wajen ɗaurin aure ko ta tagar mota. Takardar da ta shiga aljihun babbar riga ba ta shiga fayil ba, kuma abin da ba ya cikin fayil, a wurin hukuma ba a taɓa neman sa ba. Kwafi ɗaya ga kansilanku, ɗaya ga shugaban sashen ayyuka, ɗaya ga hakimi ta hannun bulama, domin maganar da ta biyo ta hanyar sarauta har yanzu tana da nauyi a ƙasar Haɗeja.

Kansila shi ne mutumin da aka fi rainawa a wannan tsari, kuma rainin yana cutar da mu. An mai da shi mai biyan kuɗin magani da ragon suna, alhali aikinsa na doka shi ne ya zauna a majalisa ya amince da kasafi ko ya ƙi, ya kuma bi diddigin yadda ake kashe shi. Kansilolin Jigawa na zaɓen Oktoban 2024 zaɓaɓɓu ne, ba naɗaɗɗu ba, don haka kuna da haƙƙi a kansu. Ku gayyace shi zaman gari, ku ba shi takardar a gaban jama'a, ku roƙe shi abu ɗaya tak: ya dawo ya faɗa muku ko aikin ya shiga daftarin kasafi, a ƙarƙashin wane sashe, da nawa aka ware. Idan kuna son ya tsaya muku a kan kwalbati, to ku rage masa nauyin buƙatun aljihu. Mutumin da aka tatse da roƙo kullum, shi ma roƙo zai je yi wurin ciyaman, kuma mai roƙo ba ya iya tsare gida a zauren majalisa.

Wani zai ce ai Gwamna Umar Namadi ɗan Kafin Hausa ne, me zai sa a yi ta wannan wahala, a je masa kai tsaye mana. Gwamna na ƙananan hukumomi 27 ne, kuma mulki wa'adi gare shi. Taron jin ra'ayin jama'a da gwamnati take yi dama ce mai kyau, ku je, amma ku je da kwafin takardar nan mai hatimi a hannu, don a ga cewa kun bi matakin ƙasa kafin ku ɗaga murya.

Idan Janairu ta shiga, ku nemi ganin kasafin da aka amince da shi. Ba sirri ba ne, kuma dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba wa hukuma kwana bakwai ta amsa wa wanda ya nema a rubuce. In aikinku yana ciki, to yanzu aka fara, don shiga kasafi daban, sakin kuɗi daban. Ku matsa a bayar da kwangilar cikin rani, tsakanin Fabrairu da Afrilu, lokacin da ƙasa ta bushe kuma siminti zai samu ya kama kafin Yuni. Ku naɗa mutum biyu ko uku masu natsuwa su riƙa leƙa aikin, su san sunan ɗan kwangila, da zurfin da aka rubuta, da kaurin rodi. In sun ga an saɓa, su sanar da injiniyan ƙaramar hukuma a rubuce tun kafin a zuba kankare, domin bayan an rufe ba mai fasawa. In ba a saurare ku ba, akwai ma'aikatar ƙananan hukumomi da ofishin babban mai binciken kuɗinsu a Dutse, da hukumar tantance kwangiloli ta jiha.

In kuma aikin bai shiga ba, ku tambayi dalili ba tare da faɗa ba, ku nemi a duba shi idan za a yi ƙwarya-ƙwaryar kasafi a tsakiyar shekara. Kafin nan akwai abin da ba ya jiran sa hannun kowa. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa tana fitar da hasashen damina tun farkon shekara, hukumar nazarin ruwan koguna ta ƙasa ma tana bayyana ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari kafin ruwa ya sauka. Ku saurara a rediyo, ku sa ranar gayya a watan Mayu a yashe magudanan da ake da su, a kwashe leda da sharar da ta toshe bakin kwalbatoci. Ku kuma yi wa juna gaskiya a kan kududdufan da ake cikewa ana yanka filaye, da katangun da aka ja a kan hanyar ruwa. Wannan magana ce mai ɗaci saboda mai katangar ɗan'uwa ne ko suruki, amma ita ma a gaban bulama za a yi ta, a rubuta abin da aka yanke, a haɗa shi da takardar da za ku sake shigarwa a Satumba.