Filin Kimiyya: Tsutsar da ke Zama a Cikin Ganye Mai Kama da Allura

Ɗalibai 'yan uwana, a ajin bayoloji an koya mana matakai huɗu na rayuwar ƙwaro: ƙwai, tsutsa, kwanso, sannan babban ƙwaro. Yau ga misali daga dazuzzukan Turai, inda wata faɗa-wuta ke yin matakinta na tsutsa a wurin da ido ba ya gani.

Masana suna kiranta Epinotia tedella, kuma tun 1759 wani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Carl Clerck ya yi bayaninta a rubuce. 'Yar mitsitsiya ce, idan ta buɗe fikafikanta faɗinsu kaɗan ya wuce santimita ɗaya. Abincin tsutsarta shi ne ganyen sifurus, doguwar bishiyar ƙasashe masu sanyi, irin wadda Turawa ke ƙawatawa lokacin Kirsimeti, suke kuma yin katako da takarda da ita. Ganyenta ba fale-fale ba ne kamar na mangwaro. Siriri ne mai tsini kamar allura, kuma yana shekaru a jikin reshe bai faɗi ba.

Wajen watan Yuni uwar ke saka ƙwai a kan ganyen. Da tsutsa ta ƙyanƙyashe sai ta huda shi ta shige, ta dinga cin tsokar ciki har ya zama holoƙo. Daga nan ta koma na kusa. Tana tafe tana ɗaure ganyayen da ta cinye da wani zare kamar na gizo-gizo, su zama 'yar sheƙa cike da kashinta. Wannan sheƙa mai launin ƙasa-ƙasa ita ce alamar da ma'aikatan gandun daji ke dubawa. Idan sanyi ya matso, sai ta sauko ta zarenta ta ɓuya cikin busassun ganye a ƙasa, sai bayan hunturu ta shiga kwanso. Zagaye ɗaya ke nan a shekara.

Me ya sa take shiga ciki? Fatar ganyen ce bangonta: tana kāre ta daga ruwan sama da bushewa da yawancin tsuntsaye. Amma ba daga kowa ba. Akwai wasu ƙananan dangin zanzaro da ke saka ƙwansu a jikinta, 'ya'yansu su cinye ta daga ciki. Shi ya sa yawanta ke hawa da sauka daga shekara zuwa shekara.

Abin lura shi ne, ko dajin ya yi ja-ja-ja da ɓarnarta, yawanci bishiyar ba ta mutuwa. Tsutsar ba ta cin tohon da zai fitar da sabon ganye, don haka baɗi bishiyar na farfaɗowa, sai dai girmanta ya ragu.

Mu ma muna da mai irin wannan ɗabi'a: Tuta absoluta, wadda manoma ke kira sharon. Asalinta Kudancin Amurka, kuma a 2016 ta lalata gonakin tumatir a Kano da Kaduna. Ita ma cikin ganye take zama, shi ya sa feshin magani ba ya isa gare ta da sauƙi. Sai dai ita tana huda 'ya'yan tumatirin ma, tana hayayyafa sau da yawa a shekara, ga shi tumatir ba shi da baɗin da zai jira.

Duk wanda ya je lambun makaranta, ya ɗaga ganyen tumatir ya duba shi ta hasken rana. Idan ya ga farin tabo da baƙin ɗigo-ɗigo a ciki, ya kawo wa malamin aikin gona.