Ciwon baya na gefe guda

Ƴan uwa, ciwon baya ba baƙo ba ne a ƙauye. Manomi ya san shi. Mai jan wasaki a rijiya ya san shi. Macen da ke daka safe da marece ta san shi. Amma akwai wani iri da ya kamata mu duba da kyau: wanda ke kama gefe guda kaɗai, dama ko hagu, ya bar ɗayan gefen lafiya lau.

Da zarar mutum ya ji shi, sai ya ce ƙoda ce. Wani ya ce sanyi ne. Wani ya ce sammu aka yi masa. Mafi yawan lokaci ba ko ɗaya: naman baya ne ya wahala, kuma zai warke da kansa. Amma wani lokaci ƙodar ce da gaske, kuma jinkiri na iya kashe ta. Aikinmu a wannan darasi shi ne mu koyi rarrabewa.

Ina ƙoda take?

Kowane mutum yana da ƙoda 2, ɗaya a dama, ɗaya a hagu, ƙashin baya a tsakaninsu. Girman kowace kamar dunƙulen hannun mai ita. Ba a kwankwaso suke ba, kamar yadda mutane da yawa ke zato. Sun fi nan sama. Ka kai hannu baya, ka lalubi haƙarƙarinka na ƙarshe. To, nan ƙarƙashinsa ƙoda take.

Aikin ƙoda tace jini, kamar yadda ake tace kunu da rariya. Abin da ba shi da amfani ya fita, shi ne fitsari. Daga kowace ƙoda akwai wata siririyar hanya, tsawonta wajen santimita 25 zuwa 30, wadda ke kai fitsari cikin mafitsara. Hanyar ƙunci gare ta ƙwarai. Ku riƙe wannan, za mu komo kanta.

In naman baya ne

Wannan shi ya fi yawa. Mutum ya ɗaga buhun gero a karkace. Ko ya wuni duƙe da galma. Ko mace ta ɗauko bido cike da ruwa da hannu guda tun daga famfo har gida. Wanshekare sai gefe guda ya riƙe.

Ga yadda ake gane shi. In ka motsa, ko ka duƙa, ko ka juya, ciwon ya ƙaru. In ka kwanta ka sami wurin da ya dace, ya lafa. In an danna wurin da yatsa, ka ji zafi. Babu masassara. Fitsari na nan yadda ya saba.

Maganinsa ba wuya. A jiƙa tsumma da ruwan ɗumi a ɗora a wurin. A rage aiki mai nauyi na ƴan kwanaki. Amma kada a kwanta a tabarma mako guda ana jiran sauƙi. Doguwar kwanciya ƙara sandarar da baya take yi. Kwana 1 ko 2 ya isa, sai a tashi a riƙa ƴar tafiya a hankali. Babban mutum na iya shan parasetamol, ƙwaya 1 ko 2 mai lamba 500, sau 3 a rana. Kada ya wuce ƙwaya 6 a rana in ba likita ya ce ba. Yawanci cikin mako 2 an sami sauƙi. In an kai mako 4 zuwa 6 ciwo na nan, a tafi likita.

Don gaba: in za ka ɗaga kaya, ka tsuguna, ka jawo kayan kusa da jikinka, ka miƙe da ƙarfin ƙafafu. In buhun ya fi ƙarfinka, kira ɗan uwa. Ba abin kunya ba ne.

In ciwon yana sauka ƙafa

Ƙashin baya ba guda ɗaya ba ne. Ƙananan ƙasusuwa ne aka jera, wani bisa wani. Tsakanin kowane biyu akwai wani abu mai taushi kamar gammo. Wani lokaci gammon nan yakan turo waje, ya danne jijiyar da ke zuwa ƙafa. Sai ciwo ya taso daga kwankwaso, ya bi ɗuwawu, ya bi bayan cinya, har ya kai tafin ƙafa, a gefe guda. Tari ko atishawa na tsananta shi. Ƙafar takan yi kamar tururuwa na yawo a ciki.

Ciwon da zafi, amma yawanci yakan sauka da kansa cikin makonni. Sai dai in ƙafa ta fara mutuwa, ko tsakanin cinyoyi ya daina jin taɓi, ko mutum ya kasa riƙe fitsari ko bayan gida, ko fitsarin ya ƙi fita. Wannan ba a kwana da shi. A nemi mota a kai shi babban asibiti ranar nan.

Tsakuwar ƙoda

Ku tuna da tukunyar da aka dafa ruwan kanwa a ciki har ya ƙone. Me ke saura a gindinta? Ɓawo mai tauri. Haka yake faruwa a ƙoda. In mutum ba ya shan isasshen ruwa, fitsarinsa ya yi kauri, gishirin da ke ciki ya daskare, ya zama ƴar tsakuwa. Ƙasarmu ƙasar zafi ce. A watannin Afirilu da Mayu zafi na wuce awo 40. Mai sassabe, da makiyayi, da mai haƙar rijiya suna zubar da ruwan jikinsu ta gumi, ba su mayar da shi ba. Shi ya sa wannan ciwo ba ya wuyar samu a wurinmu.

Muddin tsakuwar na zaune cikin ƙoda, mai ita ba lalle ya san da ita ba. Ranar da ta faɗa cikin siririyar hanyar nan, ranar ce ake jin jiki. Ciwon yakan zo farat ɗaya, a gefe guda, ƙarƙashin haƙarƙari. Yakan gangaro ta kwiɓi zuwa mara, har cikin maraina ga namiji. Yana murɗawa, ya saki, ya sake murɗawa, kamar naƙuda. Ga babbar alama: mai ciwon nama yakan kwanta shiru don kada ya motsa, amma mai tsakuwa ba ya iya zama wuri guda. Ya tashi, ya tsuguna, ya yi birgima, babu inda ya sami sauƙi. Sau da yawa akwai amai. Fitsari kan yi ja, ko ya yi kamar ruwan shayi.

A likita za a yi masa allurar kashe zafi, a auna fitsarinsa. In da hali a tura shi hoton ciki, wanda ake kira ekografi, irin wanda ake yi wa mata masu ciki. Hoton na nuna ko fitsari ya taru ya kumbura ƙodar. Tsakuwar da ba ta wuce ƙwayar gero ko ta dawa ba, wato ƙasa da milimita 5, yawanci takan fita da kanta cikin fitsari, cikin kwanaki ko ƴan makonni. Wadda ta kai girman wake ko gujiya da wuya ta wuce. Sai an cire ta a babban asibiti, irin na Yamai ko Damagaram ko Maraɗi. In an bar ta ta toshe hanya wata da watanni, ƙodar ta lalace, ko da ciwon ya yi shiru. Shirun ciwo ba shi ne warkewa ba.

In tsakuwa ta haɗu da masassara, ko fitsari ya ɗauke gaba ɗaya, rai ne ke cikin hatsari. Ko da dare ne a tafi.

Wanda ya taɓa yin tsakuwa yana iya sake yin wata. Rigakafinta ruwa ne. Babban mutum ya sha lita 2 zuwa 3 a rana, a lokacin zafi ya ƙara. Ba sai da ma'auni ba: ka dubi fitsarinka. In fari ne tas ko ya ɗan yi rawaya kaɗan, ruwan ya isa. In ya yi ja kamar jiƙo, jikinka na neman ruwa. Ka tafi gona da gora cike. Mai azumi ya riƙa sha kaɗan-kaɗan tun daga buɗa baki har sahur. A rage gishiri da dunƙulen magi a miya.

In ƙwayoyin cuta sun hau ƙoda

Wannan ya fi kama mata, don hanyar fitsarinsu gajeruwa ce. Yakan fara da zafin fitsari. Mace ta riƙa zagawa sau da yawa, fitsarin kaɗan-kaɗan, ya gurɓace, yana wari. In ba a yi magani ba, ƙwayoyin su hau sama su kama ƙoda. Sai masassara mai zafi, da rawar ɗari, da amai, da ciwo a gefe guda na baya. In an ɗan buga wurin da hannu, mai ciwon ya zabura.

A nan ne ake yawan kuskure. Da an ga masassara da rawar ɗari sai a ce ta cizon sauro ce, a sayo maganinta a kasuwa. Kwana 3, kwana 4, babu sauƙi, ƙoda na ta cin wuya. A likita ana ɗibar ɗigon jini a yatsa, cikin minti 15 zuwa 20 a san ko ta sauro ce. In kun je, ku faɗi maganar fitsarin da bakinku, ko ba a tambaye ku ba. Kunya ba ta magani. Za a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta na kwana 7 zuwa 14. A shanye shi duka. Wanda ya bari a kwana na 3 don ya ji sauƙi, ciwon zai komo masa da ƙarfi.

Mace mai ciki kuwa, in ta ji haka, kada ta jira ranar awo. Wannan ciwo na iya jawo haihuwa kafin lokaci.

Tsargiya

Yaro ya yi fitsari, a ƙarshensa jini ya ɗiga. A garuruwa da yawa ba a ɗauke shi ciwo ba. Har akan ce alamar girma ce ga ɗa namiji. Ba haka ba ne. Tsutsa ce. Tana rayuwa cikin ƙananan katantanwa na ruwan da ke kwance: tabkuna, da magudanan ruwa na noman rani, da gonakin shinkafa na bakin kogin Isa. Tana shiga ta fata sa'ad da ake wanka, ko wanki, ko kamun kifi, ko dashe. Ƙwanta na taruwa a mafitsara da hanyoyin fitsari, ya bar tabo. Shekaru na tafiya, hanyar na ƙara tsukewa, fitsari ya riƙa komawa ƙoda. Yaron da aka yi wa dariya jiya, yau magidanci ne mai ciwon gefe da ba ya jin magani.

Maganin tsargiya sunansa farazikantel. Ana shan shi rana guda, bayan an ci abinci, gwargwadon tsawon mutum ko nauyinsa. A shekarar 2004 aka fara rarraba shi ga ƴan lakwal a Nijar. In masu rabo sun zo garinku, kada ku ɓoye yara. Kuma a hana su fitsari cikin tabki, don ta nan ƙwan ke komawa ruwa.

Waɗansu kuma

In gefe guda na ƙuna kamar an zuba barkono, bayan kwana 2 ko 3 ƙuraje masu ruwa suka fito a jere kamar ɗamara, ba su ƙetare tsakiyar baya ba, to ƙwayar ƙarambau ce da ta kwanta a jiki tun yarinta ta farka. Akwai maganinta, kuma ya fi aiki in an fara cikin kwana 3 na farko. Kada a fasa ƙurajen.

Ciwo a sama, wajen kafaɗa ko haƙarƙari, mai soka in an ja numfashi, tare da tari da masassara, na huhu ne. Ciwon baya da ya daɗe, mutum na ramewa, yana gumi da dare, wani ƙashin baya ya fara turowa kamar doro, yana iya zama tarin fuka ne ya kama ƙashi. Yana warkewa in an sha magani watanni ba fashi.

Macen da ta yi ɓatan wata, sai ga ciwo mai tsanani a gefe guda na mara da baya, ga ɗigon jini, ga jiri, wataƙila cikin ya zauna ne a wajen mahaifa. Jini na iya zuba a ciki ba a gani. Asibiti nan take.

Magungunan kasuwa

Mai talla da tire a ka ba ya tambayar inda ke maka ciwo. Zai ba ka diklofenak ko ibuprofen, ja da fari, ya karɓi kuɗinsa. Waɗannan suna kashe zafi, gaskiya ne. Amma in an daɗe ana sha, musamman a jikin da ba ruwa, su da kansu suna lalata ƙoda, suna ƙona tumbi. Mace mai ciki, da mai gyambon ciki, da mai ciwon ƙoda su nisance su, sai in likita ya rubuta. Tramol kuwa ɓoye ciwo yake yi, mutum ya ci gaba da aiki yana ƙara ɓarna, daga baya ya kasa rabuwa da shi.

Ƙaho da tsaga ba sa kaiwa inda ƙoda take, ba su fitar da tsakuwa. Askar da aka yi wa mutum biyu aiki da ita na iya ɗaukar ciwon hanta ko sida daga wannan ta kai wa wancan.

In za ku likita, ku tafi da amsar waɗannan a bakinku: yaushe ciwon ya fara, wane gefe, ina yake gangarawa, akwai masassara ko babu, yaya launin fitsari, wane magani aka riga aka sha. Ku riƙa kwalin maganin a hannu ku nuna. In tsakuwa ta fita a gida, a tace fitsarin da ƙyalle, a ƙulle ta a takarda, a kai wa likita ya gani.