Kafin Ka Fassara Sunayen Kayan AC Zuwa Faransanci Da Wayarka

Idan kana gyaran firji ko AC, kuma kana hulɗa da mutanen Maraɗi ko Yamai, kada ka jefa kalma ɗaya tilo cikin manhajar fassara. Ga inda ake yawan tuntuɓe.

Condenser, wato bututun da ke fitar da zafi a bayan firji, sunansa condenseur. Capacitor kuwa, mai taimaka wa inji ya tashi, shi ne condensateur. Haruffa biyu kacal suka raba su, amma idan ka kuskure, wani kayan daban za a aiko maka.

Riƙe waɗannan ma: compressor shi ne compresseur, expansion valve détendeur, gas ɗin sanyi fluide frigorigène.

Dabarar ita ce ka rubuta cikakkiyar jimla, sannan ka tura hoton kayan da lambarsa, kamar R134a ko 35 µF.