Tsibirin Utopia da Iyakar Illela

Manufar wannan maƙala ita ce nazarin yadda ƙagaggiyar ƙasa kan haskaka mana siyasar ƙasa ta zahiri.

A shekarar 1516 Thomas More, mutumin Ingila, ya wallafa littafin Utopia da harshen Latin. Ma'anar sunan ita ce wurin da babu shi. A cikin labarin, ƙasar tana da birane 54, kuma da fari a haɗe take da maƙwabtanta. Sai sarkinta Utopus ya sa aka haƙa mashigin ruwa na mil 15, ta zama tsibiri. Ke nan, sai da marubucin ya keɓe ƙasarsa kafin ya tsara mata mulkin da yake so.

To, a ƙasar Hausa ma an yi irin wannan yanka, amma da alƙalami. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta shata da'ira mai nisan mil 100 daga Sakkwato. Yarjejeniyoyin 1904 da 1906 suka janyo layin kudu, domin Faransawa su sami hanya mai rijiyoyi zuwa Damagaram. Ta haka Birnin Ƙonni ta faɗa Nijar, Illela kuma Nijeriya.

Sai dai layin takarda ba teku ba ne. Harshe ɗaya, auratayya da fatauci sun ci gaba da haɗa garuruwan biyu. Da aka rufe iyakar a 2023, bayan juyin mulkin Nijar, talakawan ɓangarorin biyu ne suka ɗanɗana kuɗarsu.

Saboda haka, marubuci na iya mayar da ƙasa tsibiri a littafi, amma mai mulkin da ya gwada haka a zahiri, 'yan'uwa zai raba.