Kada a Goge Lambar Matsala Kafin a Karanta Ta

Mai tirela da ke bin hanyar Kano zuwa Katsina ta Kankia, da mai tarakta a Kusada da damina ta ƙarato, su sani lambar da kwamfuta ta nuna alama ce ta inda injin ke kuka, ba ta yanke hukunci kan abin da ya lalace. Lamba P0087, alal misali, cewa take yi matsin man gas a bututun rabawa ya yi ƙasa. Da yawa daga nan sai su hau sayen sabon famfo mai tsada, alhali sau da dama filta ce ta toshe da laka, ko ruwa ya taru a ƙasanta, ko man da aka sha a bakin hanya an gauraya shi da kananzir. Don haka a fara rubuta lambar a takarda, a duba abin da kwamfutar ta adana na zafin injin da gudunsa a lokacin da matsalar ta faru, a kwance filta a zuba man a kwalba a gani, a laluba wayoyin da ƙura da zafi suka cinye. A manyan motoci lambar kashi biyu ce, SPN da FMI: ɗaya na nuna wurin, ɗayan irin lahanin.

Wani zai ce tsofaffin makanikai da kunne suke gane ciwon inji. Gaskiya ne, kuma gwanintarsu na nan da amfaninta. Sai dai injin zamani kwamfuta ce ke buɗe nozul ɗinsa, matsin mai kuwa yakan haura bar 1,500, kunne ba ya auna wannan, kuma sassauta bututu injin na aiki na iya sa man ya huda fatar hannu. Wanda ya goge lamba don fitilar gargaɗi ta mutu, zai sake ganinta a hanya da kaya a bayansa.