Nutsewar Mai Wasa da Ɗaukar Matsayin Tauraro a Wasannin Bidiyo

Gabatarwa

A nazarin ƙagaggen labari, tauraro shi ne wanda akasarin labari ya rataya a wuyansa. A wannan darasi za a duba matsayinsa a wasannin bidiyo, waɗanda da dama daga cikinsu a kan labari aka gina su. Duk wanda ya taɓa zama kusa da yaro yana irin wannan wasa zai lura cewa idan aka harbe tauraron, yaron kan ce "an kashe ni". Wannan wakilin suna, wato "ni", shi ne ginshiƙin darasinmu.

Ma'anar Nutsewa

A 1997 masaniya Janet Murray, cikin littafinta Hamlet on the Holodeck, ta kwatanta wannan hali da shiga cikin ruwa, inda wata duniya daban kan kewaye mutum ta kowace fuska. Ke nan nutsewa ita ce hankalin mai wasa ya tattaru a duniyar wasan har ya shagala daga abin da ke kusa da shi. Ɗaukar matsayin tauraro kuwa shi ne ya riƙa jin nasara da asarar tauraron tamkar nasa.

Dabarun Jawo Mai Wasa

Dabara ta farko ita ce mahanga. A wasan Half-Life na kamfanin Valve (1998), mai wasa yana kallon komai ne ta idon tauraron, Gordon Freeman. Wannan ya yi kama da yadda Alhaji Imam ke ba da labarinsa da bakinsa a Ruwan Bagaja na Abubakar Imam.

Ta biyu ita ce shirun tauraro. Freeman bai furta ko kalma ɗaya ba a wasan, don haka mai wasa ke cike gurbin da tunaninsa.

Ta uku, wadda ta fi sauran ƙarfi, ita ce aiki. Mai karatu ɗan kallo ne, tausayi ko haushi kawai yake iya ji. Mai wasa kuwa, in bai motsa yatsa ba, tauraro ba zai ɗaga ƙafa ba.

Misali: The Last of Us

A wannan wasa na 2013, Joel yana rakiyar wata yarinya mai shekara 14, Ellie, wadda jikinta ba ya kamuwa da annobar da ta ɗaiɗaita Amurka. A ƙarshe, a wani asibiti, ya gano cewa haɗa rigakafin cutar zai ci ranta. Sai ya zaɓi ceton ta, ya kashe likitan da zai yi aikin. Wasan bai ba mai wasa wata mafita ba: dole da hannunsa ya aikata kisan kafin labari ya ci gaba. A nan ne ra'ayin tauraro da na mai wasa kan iya raba hanya, alhali alhakin aikin yana kansu su biyu.

Kammalawa

Mun ga cewa abin da ya bambanta wasan bidiyo da rubutaccen labari shi ne mai wasa na da hannu a aikin tauraro. Malami zai tarar da ɗalibai da dama sun saba da irin waɗannan wasanni. Yana iya farawa daga nan wajen koyar da taurari da mahangar labari, ya kuma horar da su tambayar kansu: na yarda da abin da tauraron nan ya yi?

Auna Fahimta

1. Bambanta nutsewa da ɗaukar matsayin tauraro.
2. Kwatanta dangantakar mai sauraron tatsuniya da Gizo da ta mai wasa da tauraronsa.
3. Shin Joel ya yi daidai? Tattauna tare da kafa hujja.